Takalman da Aka Bari a Bakin Rami

Jikata ce ta shigo da hantsi, waya a hannu, ko sallamar kirki ba ta yi ba. "Kaka, kin ga yaron maƙwabta? Motarsu ta faɗi a hanyar Tudun Wada." Kafin in buɗe baki ta kanga mini wayar a fuska. Idona ya yi rauni, amma na gane rigar, don da ita ya durƙusa ya gaishe ni da safe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ta bayan katanga ina jin uwarsa tana daka, tana yi wa akuya tsawa. Duk unguwa ta ga gawar ɗanta, ita kuwa tana haɗa garin tuwon da zai ci. Ina lalubar sandata in tashi ke nan, sai na ji yara sun faɗa gidan a guje suna kiranta, "Zo ki gani! Zo ki gani!" Daga nan sai na ji taɓarya ta faɗi.

Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Mutuwa ba baƙuwata ba ce, na binne na gaba da ni, na binne na bayana. Yadda aka kai wa baiwar Allah nan labarin ne ya tsaya mini a rai. Ni ma an taɓa kawo mini irin wannan labari ina da ƙuruciya, kuma ɗan jarida ne ya kawo shi, amma ba haka ya yi ba.

Garin da na yi aure yanzu kifi ne ke yawo a cikinsa. Ruwan Tiga ya shanye shi, da rijiyarsa, da kukar kasuwa, da kushewun iyayenmu. A can, kafin jarida, labari a ƙafa yake zuwa. Fatake su sauke jakunansu su sauke labarin Kano, 'yan koli su kawo na Kiru da Bebeji tare da allura da madubi, wanzami ya kwashe na wannan gida ya juye a wancan yana wasa aska. In magana ta hukuma ce, sankira ya zaga da gangarsa da maraice, yara na biye da shi, mu mata mu dakatar da taɓarya mu kasa kunne. Kowane labari da "an ce" yake farawa, kuma ba wanda ke tambayar wa ya ce. Surukata, wadda nake kira Inna, mace ce mai kaifin baki, in an kawo mata zance takan ce, "Wannan ya biyo ta gidan wanzami, ku rage masa rabi tukuna in ji." Muna dariya, amma rabin da ya rage ma mukan haɗiye shi haka nan, don ba mu da wani.

Sai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci, telan garinmu ya shiga ya iya karatun boko, ya kuwa ɗauki kansa da girma, har ya sayi tabarau alhali idonsa garau. Ranar kasuwa direban babbar mota yakan zo masa da jarida, wani lokaci ta makon jiya, ta sha ninki ta sha man gyaɗa. Bayan la'asar maza su taru a gindin ɗurumin ƙofar dagaci, tela ya gyara murya ya karanta musu tun daga sama har ƙasa, har da tallar maganin tari. Darnin gidanmu yana jingine da wurin, saboda haka matan unguwa a wajenmu suke taruwa, wata na kaɗi, wata na ɓarar gyaɗa, muna ji ta tsakanin kara. A nan muka fara jin maganar mulkin kai, da farashin gyaɗa, da allurar shanu, da alhazan da suka tafi a jirgin sama suka dawo kafin a yi girbi. Ni a lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba. Gani nake wata hanyar zaman banza ce maza suka samu, mu ana barinmu da surfe.

Maigidana ɗan fari ne a gidansu, mutum mai sanyin magana, in ya ce zai yi abu sai ya yi ko da a makare. Muna da 'ya ɗaya da ta fara tafiya. Shekarar da gero ya yi mana gardama, da aka gama girbi ya bi samarin garin zuwa cin rani a ramukan kuza, can cikin duwatsun da ke bayan Doguwa. Ana cikin bazara, wani da ya dawo ya kawo mana saƙonsa: ƙullin gishiri, da cewa a kai garmarsa wajen maƙeri, kada kuma a taɓa irin gyaɗan da ke rumbu, yana tafe kafin ruwan shuka. Na share ɗaki, na yi sabon daɓe. Maimakon shi, sai ga ɗan doka tare da yaron helma, helma kuwa shi ne shugaban leburorin ramin. Suka ce maigidana da wasu abokan aikinsa sun saci kuzar kamfani sun gudu. Suka shiga har ɗakina, suka ɗaga gado, suka zuzzura sanda cikin rumbu, suka watsar da irin gyaɗan a tsakar gida. Da maraice sankira ya zaga gari yana kiran sunansa, yana cewa duk wanda ya gan shi ya kai rahoto.

Ban san yadda zan kwatanta muku zaman da ya biyo baya ba. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Ba wanda ya zo mini gaisuwa, don ba a yi mutuwa ba, ba kuma wanda ya tambaye ni ya labarin maigida, don kowa na ganin ya sani. A bakin rijiya in na iso sai hira ta mutu. Matan da ke zuwa jin jarida a gidanmu suka fara janyewa, wata har ta aiko a karɓo mata mazarinta, wai kada ya ɓace. Wata rana na ji wani yaro ya kira 'yata 'yar ɓarawo, ita kuwa tana ta yi masa dariya don ba ta san me ake nufi ba. Surukina, Baba, wanda tun tasowata a sahun gaba nake jin yana salla, ya koma yin sallarsa a zaure. Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina wani lokaci nakan zauna in ce, to ko dai ya yi? Ko yana can wani gari ya yi sabon aure da kuɗin kuza, ni ina nan ina share masa ɗaki? In na yi wannan tunani sai in ji na tsani kaina, in ban yi ba kuma sai ɗayan tunanin ya zo, wanda ya fi shi muni.

Ana haka wata ranar kasuwa aka ce ga mutumin jarida ya zo gari, wai zai rubuta labarin ajin yaƙi da jahilci. Na leƙa ta darni na gan shi: siriri, farin wando ya yi ja da ƙura, alƙalami a aljihu, yana tura keken da ya fi shi gajiya. Tela na gaba yana ta washe baki kamar shi ya haife shi. Inna ba ta yi shawara da kowa ba, ta ja mayafi ta fita har gindin ɗurumi, cikin maza.

"Kai ne mai rubuta abin da ake karanta mana?"

Ya russuna ya ce, "Ina cikinsu, Iya. Ina wuni?"

"Da ban wuni ba ka gan ni? Kun rubuta mana tinkiya ta haifi huɗu a wani gari, mun ji. Maza sun tafi kuza sun ɓace kamar ƙasa ta haɗiye su, wannan bai isa labari ba?"

Maza suka fara "haba Inna, haba Inna," amma shi sai ya jingine kekensa ya ce a kai shi wajen maigidan. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure tare da Baba, ni da Inna muna daga ciki, bayan asabari. Da ya tambayi sunan wanda ya ɓace sai wuri ya yi tsit. Baba ba ya faɗin sunan ɗan fari, Inna ba ta faɗi, ni kuma ina ni ina kama sunan miji? Muka yi ta kallon ƙasa, sai da aka aika aka kira tela ya zo ya faɗa. Har yau ban taɓa furta sunan nan ba, ku ma ba za ku ji shi a bakina ba.

Sai ya fara wata irin tambaya da ban taɓa jin irinta ba. Baba ya ce sun saci kuza sun gudu. Ya ce, "Wa ya gaya muku, Baba?" Aka ce yaron helma. "Shi ya gani da idonsa, ko gaya masa aka yi?" Ba wanda ya sani. "Wa ya ga sun fita daga barikin leburori? Wa ya gamu da su a hanya? Kuza nauyi gare ta, a ka suka ɗauka ko a jaki? Jakin wa?" Duk abin da aka ce masa, sai ya ce wa ya gani. Kafin magariba yaran gari sun raɗa masa suna Wa-ya-gani, kuma da shi na san shi har yau. Daga ƙarshe ya juyo wajen asabari ya ce, "Uwargida, ke me kika sani?" Na ji maza biyu da ke bakin ƙofa sun yi dariya, wai ana tambayar mace. Raina ya ɓaci, na ce, "Na san mutumin da ke shirin gudu ba ya aikowa a gyara masa garma." Na ji alƙalaminsa yana tafiya a takarda. Ya ce, "Wannan ba hujja ba ce tukuna, amma ta isa a taka a je. Ban yi muku alkawarin labari mai daɗi ba. Abin da na gani kawai zan kawo."

Ya tafi, muka daina jin ɗuriyarsa. Hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, mutane suka fara sharar gona. Inna ta ce ɗan birni ne, ya sha furarmu ya manta. Ni ma na fitar da rai.

Wata safiya ina tankaɗe sai na ji sallama a zaure, murya a dushe. Wa-ya-gani ne, ba keke, ƙafafunsa sun kumbura, leɓensa a fashe, gefen idonsa ɗaya ya yi baƙi. Bai ce komai a kan idon ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yana riƙe da wani ƙunshi a tsumma. Bai bi ta kasuwa ba, bai tsaya wajen tela ba, ko gidan dagaci bai shiga ba. Ya gaisa da Baba gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi yarinya. Sannan ya ce a kira liman, a kuma kira wata babbar mace ta zauna kusa da ni. Da na ji haka rariyar ta suɓuce daga hannuna. Gwaggon maigidana ta zo ta riƙe ni. Ya jira aka ba ni ruwa na sha, ya jira liman ya zauna. Sai ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa.

Ya ce helma ya kore shi, an kuma hana leburori yi masa magana. Sai ya koma wajen matar da ke sayar musu da tuwo. Ita ta gaya masa al'adar masu haƙa: ba a shiga rami da takalmi ko babbar riga, a bakin rami ake tuɓewa a ajiye, in an fito a ɗauka. Ranar da aka ce sun gudu, ta kai tuwon rana ta tarar da takalma a jere ba masu su, ramin kuma an hana kowa matsawa kusa. Kafin a kwashe ta tattara su ta ɓoye a ƙarƙashin itacen girkinta, tsoro ya hana ta faɗa wa kowa. Bai tsaya a kanta ba. Ya bi rugage har ya samu wani Bafillace da ke kiwo a kan dutsen ranar, wanda ya ji ƙasa ta yi ƙugi, ya ga ƙura ta tashi, ya kuma ga washegari ana cike bakin ramin da duwatsu. Ya sake samun wani lebura da ya tsere zuwa ƙauyensu, wanda da hannunsa aka sa shi cikewar. "Mutum uku, ba wanda ya san na je wajen ɗan'uwansa, kuma bakinsu ya zo ɗaya," in ji shi. "Rami ne ya rufta da su. Ba su saci komai ba."

Ya kwance tsumman, ya ce mai tuwo ta ce waɗannan ne na maigidana, ya turo ta ƙarƙashin asabari. Takalman fata ne, na dama an ɗaure maɗaurinsa da jan zare. Ni na kaɗa zaren nan, ni na rina shi, a gabana ya ɗaura.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, har muryata ta tafi. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani abu da ya sauka daga ƙirjina, wanda na daɗe ina ɗauke da shi kamar tulu. Mijina ya mutu, kuma mijina mutumin kirki ne. A rana ɗaya aka ba ni duka biyun.

Da aka yi addu'a aka natsa, sai ya ce da Baba, "Ina neman izini in sa sunansa a jarida. In kun ce a'a, zan rubuta abin da ya faru ba suna. In na sa, masu ramin ba za su ji daɗi ba, kuma kuna kusa da su, ni ina nesa." Baba ya daɗe yana kallon takalman. Ya ce, "Da ganga aka zaga gari da sunansa ana cewa ɓarawo. Rubuta, ɗana. Rubuta da na ubansa."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Makonni suka wuce ba a buga ba, tela ya ce ana ta ja-in-ja a can, manya ba sa so. Da ya fito ma, labarin bai fi tafin hannu ba, a ƙasan tallar sabulu. Amma ranar da aka karanta shi, gindin ɗurumi bai ɗauki mutane ba, tsakar gidanmu kuma ta cika da matan da suka guje ni, har da mai mazari. Tela ya cire tabaransa, don hawaye sun hana shi gani, ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na ji sunan maigidana da na mahaifinsa sun fito daga takardar da ake karantawa a Kano da Zariya da garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Da aka kira magariba Baba ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci, mutane suka buɗa masa hanya har sahun gaba. Bayan haka hukuma ta sa aka tone ramin, aka same su, aka yi musu sutura a can. Shaidu suka samu bakin magana a gaban alƙali, ni kuma na shiga takaba kamar kowace mace. Helma ya ɓace, masu ramin suka ci gaba da haƙarsu, ban ji an ɗaure kowa ba. Wa-ya-gani kuwa bai sake zuwa ba. Tela ya ce an ɗauke shi daga yawon ƙauyuka, daga baya ma ya daina ganin rubutunsa. Ban san abin da ya same shi ba, kuma wannan yana damuna har gobe.

Daga baya akwatin rediyo ya zo gidan dagaci, aka rage taruwa a gindin ɗurumi. Aka tashe mu saboda ruwa, na ɗauko takalman a cikin kayana. Rediyo ta shiga kowane ɗaki, talabijin ta biyo, jarida ta koma abin naɗe ƙosai. Ban ce duk na da nagari ba ne, a cikinsu ma akwai 'yan amshin shata, akwai masu rubuta abin da aka biya su. Ban kuma ce na yanzu duk sun lalace ba, ina jin wasu a rediyo suna matsa wa manya da tambaya har in ce madalla. Tsorona shi ne "an ce" ɗin nan da muka sha wuyarsa ya dawo, ya samu waya, ba ya ma bukatar jaki. Ko wata bai cika ba da aka yaɗa wani malami ya rasu, mutane suka cika ƙofar gidansa, ya fito da buta a hannu yana tambayar wa ya mutu. In aka ce ɗan wani ɓarawo ne yau, kafin azahar duniya ta gama yanke masa hukunci, kuma ban ga mai kumbura ƙafa ya je ya tambayi mai tuwo ba. Talaka in aka rufe rami da shi, wa zai tono sunansa?

Ranar sadakar uku na lallaɓa na shiga wajen maƙwabciyata. Ta kama hannuna ta ce, "Iya, na yarda da ƙaddara. Amma duk na rufe ido hoton nan nake gani. Da ma wani ya zo ya zaunar da ni tukuna."

Da na dawo na sa jikata ta jawo mini tsohuwar adakata, na fito da takalman. Fatar ta bushe ta ƙanƙance, jan zaren ya koɗe. Na ba ta labarin tun daga farko, ta saurara, har ta kife wayar a cinyarta. Da na gama ta ce, "Kaka, ai yanzu zamani ya canza. Kowa ɗan jarida ne."

Na ce, "To, hatsarin yaron nan, wa ya gani?"

"Kowa ya gani mana. Har mutanen Legas sun gani."

"A cikin kowan nan, wa ya taka ya je ya zaunar da uwarsa?"

Ta ɗauki wayar ta yi ta shafa ta da yatsa, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Na bar ta tana nema, na mayar da takalman cikin tsummansu.